Cikon Ƙashi Kafin Dashen Haƙori: Matakai da Tsawon Jiran Kowanne

Tambayar da ta fi yawan zuwa mana a kan dashen haƙori ita ce ta jira. Mutum ya haɗa kuɗinsa ya je asibiti da niyyar ya fito da sabon haƙori, sai likita ya dubi hoto ya ce ƙashi bai isa ba, sai an yi ciko a dawo bayan wata huɗu ko shida. Wasu kan ɗauka jan rai ne kawai. Ga dalilin: abin da ake dasawa turke ne na ƙarfen titaniyom mai kama da ƙusa mai murɗi, kaurinsa milimita 3.5 zuwa 5, tsawonsa galibi 8 zuwa 13, kuma dole ƙashi mai rai ya rungume shi ta kowane gefe kafin ya ɗauki nauyin tauna. Ga yadda aikin yake tafiya daki-daki.

1. Ranar cire haƙori ake fara lissafi

Ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da haƙori yana nan ne saboda haƙorin. Da zarar an cire shi, sai ƙashin ya fara motsewa. A wajen turame yana iya rasa kusan rabin faɗinsa cikin shekara guda, kuma mafi yawan asarar a watanni uku na farko take faruwa. A haƙoran gaba na sama lamarin ya fi tsanani, domin bangon ƙashin da ke ɓangaren leɓe sau da yawa bai kai kaurin milimita ɗaya ba.

Saboda haka ka gaya wa likita kana da niyyar dashe tun kafin ya ɗauki filaya. Zai sassauta haƙorin a hankali, idan turmi ne ya raba saiwoyinsa ya fitar da su ɗaya bayan ɗaya, ya kankare duk wani ruɓaɓɓen nama daga ramin, sannan ya cika ramin da garin ƙashi ya rufe. Wannan shi ne ciko mafi sauƙi kuma mafi arha a duk jerin.

Akwai lokuta huɗu da ake iya kafa turke bayan cirewa: nan take a ranar, ko bayan mako 4 zuwa 8 idan dasashi ya rufe, ko bayan mako 12 zuwa 16 idan ƙashi ya fara cika ramin, ko bayan wata 6 zuwa sama. Na nan take yana da sharaɗi: bangon ƙashi bai karye ba, babu mugunya mai gudana, kuma akwai ƙashin da turken zai kama a ƙasan ramin.

*Hattara:* cire haƙori a kemis ko wajen masu cirewa a kasuwa shi ne ya fi jawo babban ciko daga baya. Girgiza haƙori da ƙarfi gaba da baya yana ɓalle bangon nan siriri, kuma ba ya dawowa da kansa.

Wanda giɓinsa ya shekara da shekaru, ya fara daga mataki na biyu, ya kuma sa ran ciko mai yawa.

2. Hoto da awo

Ƙaramin hoton haƙori da dogon hoton da ke nuna muƙamuƙi gaba ɗaya suna nuna tsayin ƙashi, amma ba sa nuna kaurinsa. Ƙashi zai iya bayyana da tsayi a hoto alhali ya zama siriri kamar bakin wuƙa. Hoton da ke warware wannan shi ne CBCT, mai yanka muƙamuƙi filla-filla a kwamfuta har a auna shi da milimita.

Abin da likita yake nema: ƙashi ya rage aƙalla milimita 1.5 zuwa 2 a gefen turke ta waje, wato turke mai kaurin milimita 4 yana son faɗin kusan milimita 7. A muƙamuƙin ƙasa, a bar tazarar milimita 2 tsakanin ƙarshen turke da babbar jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji. Tsakanin turke da haƙorin da ke maƙwabtaka da shi milimita 1.5, tsakanin turke biyu kuma milimita 3. A sama ta baya ana auna abin da ya rage a ƙarƙashin kogon iskan da ke gefen hanci. Idan ya kai milimita 5 ko fiye, galibi ana iya ɗaga kogon kaɗan ta cikin ramin turke a kafa a rana ɗaya. Idan bai kai 4 ba, yawanci sai an buɗe taga ta gefe an yi ciko an jira.

*Hattara:* kada ka yarda a yi babban ciko ko a kafa turke kusa da jijiya da ƙaramin hoto kaɗai. Idan babu na'urar a garinku, tafiyar neman hoton ta fi mutuwar leɓe sauƙi nesa ba kusa ba.

3. Gyara baki da jiki

Ba a zuba ciko a baki mai ciwo. A fara da wankin haƙora a asibiti, a magance ciwon dasashi, a cike haƙoran da suka rube. Idan dasashinka yana jini duk sanda ka goge baki, wannan matakin bai kammala ba.

Mai ciwon suga ya yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na kusan wata uku. Ƙasa da 7 ya yi kyau. Idan ya haura 8, likitoci da dama sukan ɗage aikin har ya sauko, domin suga mai yawa yana rage saurin warkewa yana kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Taba ita ce babbar maƙiyiyar ciko, ko sigari ce ko shisha ko ta gari da ake cusawa a leɓe. Tana matse ƙananan hanyoyin jini, ciko kuwa da jini yake rayuwa. Mafi ƙarancin abin da ake nema shi ne a daina mako ɗaya ko biyu kafin aiki, a ci gaba da ƙauracewa har mako takwas bayansa.

Ka zo da kwalayen duk magungunan da kake sha. Waɗanda aka fi damuwa da su, kamar yadda ake rubuta su a jikin kwali, su ne alendronate da zoledronate da denosumab, da ake bayarwa don raunin ƙashi ko ciwon daji, saboda suna iya sa ƙashin muƙamuƙi ya ƙi warkewa bayan tiyata. Haka wanda aka taɓa gasa wa kai ko wuya saboda daji. Mai sikila da mai ciki su faɗa tun a zaman farko. Yaron da muƙamuƙinsa bai gama girma ba, wato ƙasa da shekara 18 ko ma sama da haka ga samari, jira zai yi.

*Hattara:* mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko clopidogrel ko aspirin kada ya daina da kansa don zai yi aiki. Likitan da ya rubuta masa shi ne zai yanke wannan.

4. Zaɓen abin ciko

Iri huɗu ne, kuma zaɓin yana shafar tsawon jira.

Na farko ƙashinka ne, wanda ake kankarowa ko yankowa daga bayan muƙamuƙin ƙasa ko haɓa, a manyan ayyuka kuma daga ƙugu. Shi kaɗai ne ke zuwa da ƙwayoyin halitta masu rai, shi ya sa ya fi saurin kamawa. Illarsa rauni biyu maimakon ɗaya, kuma yana saurin zaizayewa idan aka bar shi ba turke.

Na biyu ƙashin ɗan Adam ne daga ma'ajiyar sassan jiki, wanda aka tace aka kashe duk ƙwayoyin cutar da ke ciki. Na uku ƙashin dabba ne, galibi na saniya, kamar Bio-Oss, da aka cire masa duk wani nama da maiƙo har ma'adinin kaɗai ya rage. Wannan ba ya narkewa da wuri, yana iya shekaru a wurin, don haka yana riƙe siffa sosai, amma sabon ƙashi yana ratsa shi a hankali, jiransa ya fi tsawo. Na huɗu shi ne wanda ake haɗawa a masana'anta daga sinadarin kalsiyom da fosfet. Sau da yawa ana gauraya biyu, misali ƙashin mutum da na saniya, don a samu saurin wancan da juriyar wannan.

A kan garin ana shimfiɗa wani tantani. Aikinsa mai muhimmanci ne: naman dasashi ya fi ƙashi saurin tsiro, idan ba a yi masa shinge ba zai kutsa cikin garin ya cike wurin da nama kafin ƙashi ya iso. Akwai tantani mai narkewa da kansa, akwai wanda sai an sake buɗewa an cire, kamar ragar titaniyom. Wasu likitocin kan ɗebi jininka su juya shi a na'ura su fitar da wani dunƙule mai kama da kitse su ɗora, yana taimaka wa dasashi ya rufe.

*Hattara:* da yawa daga tantanin da ke narkewa daga alade ake samar da su, Bio-Gide misali ne, akwai kuma garin ƙashi na alade. Wanda wannan ya dame shi ya tambaya kafin ranar aiki, a nuna masa kwalin. Akwai na saniya da na haɗin masana'anta, amma sai an yi odarsu da wuri.

5. Kuɗi da tsara lokaci

Ka nemi lissafi a rubuce, kowane abu da layinsa: ganin likita, hotuna har da na bayan jira, cire haƙori, garin ciko, tantani, kuɗin tiyata, turke, mahaɗin da ke tsakanin turke da haƙori, sai haƙorin kansa. Garin ciko da awo ake sayar da shi, kwalbar giram 0.5 ko 1 ko 2, ramin haƙori ɗaya ba ya cin abin da kogon hanci ke ci. Kusan duk kayan daga waje suke zuwa, farashinsu da dala yake tafiya, don haka ka tambaya ko kuɗin turken da za a kafa nan da wata shida an tsayar da shi ne ko zai iya canzawa. Ka kuma tambaya wa zai ɗauki nauyi idan cikon bai kama ba.

A Najeriya ka tabbatar likitan yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN, kuma babban ciko aikin ƙwararren likitan tiyatar baki da muƙamuƙi ne ko na dasashi. Masu zuwa Masar ko Indiya ko Turkiyya su sani cewa aikin da ke da ciko tafiya biyu ce ko uku, su kuma tanadi likitan da zai cire zare ya riƙa duba su a gida. Kada a sa ranar tiyata a cikin azumi ko dab da tafiya aikin Hajji, saboda magunguna na da sa'o'insu kuma makonni biyun farko suna son kana kusa da likitanka.

6. Ranar aiki

Ka ci abinci kafin ka zo, sai fa idan an ce za a sa ka barci. Mafi yawan ciko da allurar kashe wuri ake yi. Likita zai tsaga dasashi ya ɗaga shi, ya tsabtace fuskar ƙashin, wani lokaci ya huda ƙananan ramuka a jikinsa don jini ya ɓulɓulo, ya jiƙa garin da jini ko ruwan gishirin asibiti ya jera shi, ya rufe da tantani, ya kafe tantanin da ƙananan ƙusoshi ko zare. Idan guntun ƙashi ne, da ƙananan ƙusoshin titaniyom ake ɗaure shi.

Abu biyu ne ke yanke hukuncin aikin a nan. Ciko kada ya motsa ko kaɗan, dasashi kuma ya rufe shi ba tare da an ja shi da ƙarfi ba. Shi ya sa likita ke sassauta naman ta ciki kafin ɗinki, kuma wannan sassautawar ce ke kawo yawan kumburin da za ka gani.

7. Makonni biyu na farko

A nan mafi yawan ciko ke lalacewa, kuma a hannun mai shi.

Ka ciji audugar da aka sa maka minti 30 zuwa 45. A yinin farko ka riƙa ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma a kumatu, minti 20 a kai, minti 20 a huta. Ka kwanta da matashi biyu. Kumburi yana kai ƙarshensa a rana ta biyu zuwa ta uku sannan ya fara saɓewa, wannan ba abin tsoro ba ne. Ka shanye maganin kashe ƙwayoyin cuta har ƙarshe, na ciwo kuma yadda aka rubuta.

Awa 24 na farko babu kurkure baki, babu tofar da yawu da ƙarfi, babu zuƙa da bututun shan lemo. Wajen alwala ka ɗan sa ruwa a baki, ka karkata kai, ka buɗe baki ya zubo da kansa. Daga rana ta biyu ka fara amfani da ruwan kurkure baki na chlorhexidine sau biyu a rana na mako ɗaya zuwa biyu, ko ruwan ɗumi da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi, shi ma a hankali. Sauran haƙora ka goge su kamar kullum, amma buroshi ko asuwaki kada ya taɓa ɗinkin.

Abinci mai laushi kuma wanda ya huce: kunu, koko, fura da nono, faten dankali, dafaffen ƙwai, ayaba, tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa ba yaji. Ka tauna ta ɗaya ɓangaren. Kilishi, tsire, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, aya, rake da goro su jira. Dambu da gero-gero irinsa suna shiga ƙarƙashin ɗinki.

Za ka iya jin 'yan ƙwayoyi kamar yashi a kan harshe a kwanakin farko. Kaɗan ba komai. Farin abin da ke lulluɓe raunin kamar fatar madara shi ma warkewa ce, kada ka kankare shi. Kuma ka daina ɗaga leɓe gaban madubi kana leƙawa, wannan ja da ake yi sau goma a rana yana buɗe ɗinki. Ana cire zare tsakanin kwana 7 zuwa 14.

*Ga wanda aka ɗaga wa kogon hanci:* babu fyace majina aƙalla mako biyu, atishawa da baki buɗe, shaƙa ruwa a alwala a yi shi sama-sama ba tare da ja ba. Babu ɗaukar kaya mai nauyi, babu hura balan-balan ko wuta. Ɗan jini ta hanci a kwanakin farko yana faruwa. Ka tambayi likita kafin ka hau jirgin sama.

*Koma asibiti a ranar* idan kumburi yana ƙaruwa bayan rana ta uku, ko zazzaɓi, ko mugunya da ɗoyi, ko ɗinki ya buɗe kana hango tantani ko ƙarfe, ko gari yana zubowa da yawa, ko leɓe bai dawo da ji ba washegari. Tantanin da ya bayyana sau da yawa ana iya ceto shi idan an zo da wuri.

8. Jiran kansa

Cikin kwanakin farko jini ne ke daskarewa a tsakanin ƙwayoyin garin. A mako na farko da na biyu ƙananan hanyoyin jini suna kutsawa daga tsohon ƙashi. Daga nan sai ɗanyen ƙashi mai laushi ya fara saƙuwa a jikin ƙwayoyin, yana ƙaruwa har wajen mako shida zuwa takwas. Sauran watannin jiki yana rushe wannan ɗanyen yana maye gurbinsa da ƙashi mai tauri mai jeri. Dasashi kuwa tun mako huɗu zuwa shida ya rufe ya yi kyau, ciwo ya tafi, kuma a nan ne mutane ke ruɗuwa. Kamar daɓen siminti ne da samansa ya bushe cikinsa da saura.

Gwargwadon da aka saba: cikon ramin haƙori wata 3 zuwa 4, idan na saniya ne zalla a ƙara zuwa 5 ko 6. Ƙara faɗi da gari da tantani wata 4 zuwa 6 ko ɗan fiye. Guntun ƙashin mutum wata 4 zuwa 6. Ƙara tsayi, wanda ya fi duka wuya, wata 6 zuwa 9. Kogon hanci ta taga wata 6 zuwa 9. Mai suga da mai taba da dattijo su ɗauki lamba ta sama.

*Hattara:* haƙorin roba mai cirewa da ke zaune a kan ciko yana danne shi duk cizo, ya narkar da abin da aka biya kuɗi aka gina. Ko dai a bar shi gaba ɗaya a makonnin farko, ko likita ya rarake cikinsa don kada ya taɓa wurin, ko a yi na wucin gadi mai rataya a haƙoran gefe.

*Hattara kuma:* wuce lokaci ma kuskure ne. Ƙashin da ba ya ɗaukar nauyi yana komawa ya motse, musamman guntun ƙashin mutum. Wanda ya ɓace shekara biyu saboda kuɗi bai haɗu ba yana iya dawowa ya tarar sai an sake. Idan ka san kuɗin turke zai yi jinkiri, ka faɗa tun farko a zaɓi garin da ke daɗewa.

9. Tabbatarwa da kafa turke

Idan wa'adi ya cika ana sake hoto a auna faɗi da tsayi. Sai dai garin saniya da na haɗin masana'anta fari suke fitowa a hoto tun ranar da aka zuba su, don haka farin hoto kaɗai ba shaida ba ce. Shaidar ƙarshe tana hannun likita sanda ya buɗe: ƙashin da ya nuna yana da tauri a bakin abin huji, yana fitar da jini, ƙwayoyin garin sun haɗe da shi. Idan ya tarar da gari yana warwatsewa ko nama mai laushi, daidai ne ya kankare ya ƙara ciko ya rufe a ƙara wata biyu ko uku. Kada ka matsa masa ya kafa a haka.

Ana huda ramin daga siririn abin huji zuwa mai kauri, ruwan gishiri mai sanyi yana zuba a kai, domin zafin da ya kai digiri 47 na minti ɗaya yana kashe ƙashi. Sai a murɗa turken har ya kama gam.

Daga nan jira na biyu ya fara: kusan wata 2 zuwa 3 a muƙamuƙin ƙasa, wata 3 zuwa 6 a sama ko a ƙashin da aka yi wa ciko. Turke ya fi rauni a tsakanin mako na biyu da na huɗu, lokacin da riƙon murɗi ya fara saki, riƙon sabon ƙashi kuma bai gama ƙarfi ba. Tauna a kansa a wannan tsakanin tana sa nama ya kewaye shi maimakon ƙashi, ya yi ta girgiɗi har a cire. Idan ya kama, ɗaukar awo da haɗa haƙorin kan ci mako biyu zuwa huɗu.

Idan aka tara, turmin ƙasa da aka cike raminsa ranar cirewa yana ɗaukar wajen wata 7 zuwa 8 daga cirewa zuwa tauna. Turmin sama mai buƙatar taga a kogon hanci yana iya kai shekara ko ya ɗan wuce. Kafin ka bar asibiti a ranar kafawa, ka karɓi takarda mai ɗauke da sunan kamfanin turken da kaurinsa da tsawonsa da lambarsa, da sunan garin da tantanin da aka sa maka, domin kowane kamfani da irin mahaɗinsa da abin kwance shi, kuma duk likitan da zai taɓa haƙorin nan gaba sai ya nemi wannan takardar.